Shekarar da Na Zuba Shuni a Rijiyar Gidanmu

Har yau a Fagam akwai masu cewa kamfanin kuza ya kore ni ne saboda na lalata rijiyar mahaifina. An kore ni, wannan gaskiya ne. Rijiyar ma na lalata ta, da hannuna, da hantsi, unguwa tana kallo. Amma duk wanda ya ba da labarin a haka ya bar Innarku a waje, alhali kuwa don ita aka yi komai. Ita ba ta taɓa gaya muku ba, don ba ta son a ga kamar tana kai ƙarar dangin mijinta wurin 'ya'yanta. Ni kuma na yi ta cewa gobe, gobe, har ta riga ni. To ga shi yau na zauna na rubuta, domin wanda ya ƙara jin wata magana a gidan biki ya san abin da zai ce.

Lokacin an gama yaƙin basasa, ba a kai ga canza kuɗi ba, mu kuma muna ƙarƙashin Kano. Kamfanin ya daɗe yana wankin kuza a kwazazzabon da ke bayan dutsen garinmu, har ta sama ta ƙare. Sai suka ce jijiyar ta nutse ƙasa, za su bi ta. Aka haƙa rami mai faɗin ɗaki, aka yi ta nutsawa, har ya zama idan ka leƙa daga sama da ƙyar kake hango fitilun mutanen da ke ciki. A nan ruwa ya tare su. Ƙananan injinan da muke da su suka yi ta tari ba su rage komai ba, leburori suna aiki ruwa iya gwiwa, wata rana iya ƙugu. Shi ne aka ɗauko babban famfo daga Jos a bayan wata doguwar mota wadda sai da aka sare itatuwa kafin ta iya shigowa. Injin yana sama cikin rumfar kwano, famfon kansa yana can ƙasa a rataye da sarƙa, bututu mai kaurin cinyar ƙato ya taso daga gare shi yana amayar da ruwa cikin kwazazzabo dare da rana. Da yake na fara da shafa wa ƙananan injinan giris, na kuma iya jin kukan inji in san abin da ke damunsa, sai aka ɗora ni a kan wannan. Aikina in ba shi gas, in duba baƙin mai, in ɗaure bel idan ya saki, in kasa kunne. Aka ba ni kaki da takalmin roba, yara suka fara kirana Hamisu Famfo, ni kuwa ina tafiya kamar ni na ƙera shi.

A cikin kakar wannan shekara aka kawo mini Innarku, Rakiya, daga Birnin Kudu. Mahaifinta Malam Sule marini ne, gidansu kaf aikin rini suke yi tun kakanni. Can na gan ta, ranar da na je sayen bel a kasuwa na dawo da bel ɗin da kuma abin da ya fi bel. Baffa, wato mahaifina, bai hana ni ba. Wadda ba ta so ba ita ce yayarsa, Gwaggo Tabawa, wadda ta dawo gidanmu da zama bayan rasuwar mijinta, ta kuma riƙe cikin gida tun da mahaifiyata ta rasu. Gwaggo mace ce mai kirki idan kana rashin lafiya, amma idan kana lafiya lau sai ka yi haƙuri da ita. Tun ranar da aka kai gaisuwa take cewa duk 'yan matan Fagam da Dingaya ban ga ko ɗaya ba sai na je na ɗauko 'yar masu baƙin hannu.

Dole in gaya muku yadda rijiyar nan take a wurin Baffa, in ba haka ba ba za ku gane sauran ba. Kakana ne ya haƙa ta, a tsakar gida kusa da zaure, ya fasa dutse kafin ya cim ma ruwa. Ba ta taɓa ƙafewa ba, ko a bazarar da sauran rijiyoyin gari suke komawa laka. Matan unguwa a nan suke ɗiba, ba a hana kowa. Baffa ba shi da shanu, ba shi da sarauta, karatunsa ma daidai na salla ne, amma idan aka tambayi gidanmu a kasuwar Gwaram sai a ce gidan Mai Rijiya. Da safe yakan shimfiɗa buzu a zaure yana jin ƙarar guga da hirar mata, ka ga fuskarsa ta saki.

Ba a gama cin garar amarya ba ruwan ya fara ja da baya. Da farko aka ce igiya ce ta gajarce, aka ƙulla mata wata. Aka sake ƙullawa. Kafin sanyi ya wuce guga ya fara tahowa da rabi, daga nan ya koma tahowa da laka. Abin da ya ɗaure wa kowa kai shi ne an yi damina mai kyau a shekarar, kuma rijiyoyin gabashin gari, waɗanda kullum su ne ke fara mutuwa, suna nan da ruwansu. Tamu ce kaɗai. Baffa ya kira masu yasa suka shiga suka kwashe laka, suka fito suka ce idon ruwa yana nan a buɗe, ruwan ne ba ya tsayawa. Ya sa aka yi sauka, aka yanka akuya aka yi sadaka. Mata suka daina shigowa, gida ya yi tsit, Baffa ya rage fita zaure.

Gwaggo ce ta fara furta kalmar. Ba ta faɗa a gaban Rakiya ba, amma ta faɗa da ƙarfin da ko kurma a bayan danga zai ji.

"Rijiyar da ta ga aure nawa a gidan nan ba ta motsa ba, sai wannan? Ni dai na ga ƙafar yarinyar nan ranar da aka wanke ta. Fara ce sol."

Ku na yanzu kuna iya yin dariya, amma a zamanin idan aka ce mace tana da farar ƙafa, ana nufin duk gidan da ta taka arzikinsa tashi yake yi. Kuma magana ce wadda ba ta da maganin wankewa. Kaza ta mutu, ƙafar Rakiya. Gara ta ci rumbu, ƙafar Rakiya. Har wani ƙanen Baffa da jakinsa ya karye a hanyar Dingaya sai da ya zo ya tsaya a ƙofar gida yana girgiza kai. Matan da suka yi mata guɗa ranar da aka kawo ta, su ne suka koma janye 'ya'yansu idan ta wuce. Ita kuwa sai ta ci gaba da aikinta. Tana shara, tana daka, tana jan ɗan abin da rijiyar ta bari ta tace da ƙyalle. Sai na lura ta fara sa dogon zane har ƙasa, tana tafiya a hankali don kada a ga sawunta, wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Wata ranar Asabar na dawo cin abincin rana, Rakiya ta ajiye mini kwano, ba ta tashi ba kamar yadda ta saba.

"Malam, injin nan naku, yana hutawa kuwa?"

"Ranar Juma'a," na ce. "Da safe ake fito da mutane, in kashe shi in canza masa mai, sai an sauko daga masallaci in tayar. Me ya faru?"

"Ranar Juma'a da la'asar guga yakan zo mini da ruwa mai kyau, har in cika tulu. Kafin wayewar Asabar ya gudu. Na yi shiru ne sai da na ga ya maimaita."

Na ajiye lomar da na ɗauko. Tsakanin gidanmu da ramin akwai dutse guda cur, sai ka zagaye shi kafin ka isa, don haka ko a mafarki ban taɓa haɗa su ba. Kullum ina tsaye a bakin bututu ina alfahari da yawan ruwan da nake zubarwa, ban taɓa tambayar kaina daga ina yake zuwa ba.

Na sami manajan wurin, wani Bature da muke kira Mai Lofe saboda ba a raba bakinsa da lofen shan taba. Ya daɗe a Jos, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan boko. Na gaya masa abin da ake ciki. Bai yi mamaki ba, bai kuma yi mini ƙarya ba.

"Yana yiwuwa, Hamisu. Dutsen nan a tsage yake ta ƙasa. Idan rijiyarku tana kan tsaga ɗaya da raminmu, famfo zai sha ta. Amma ba zan kashe shi ba, akwai mutane da kaya a ƙasa. Kuma ka ji ni da kyau: idan ka tayar mini da gari a kan wannan, ba za ka ƙara taɓa injin nan ba."

Na koma na kwashe duka na gaya wa Baffa, ina tsammanin an gama. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce ruwa ba ɓera ba ne da zai bi ta ƙarƙashin dutse ya fita a wani wuri, kuma batun Juma'a ai kowa ya san rana ce mai albarka. Gwaggo daga cikin gida ta ƙara da cewa yarinyar ta shanye ni, har ina ɗora wa ƙarfe laifi. Bayan 'yan kwanaki Baffa ya kira ni zaure. Bai dube ni ba, yana ta murza bakin buzu.

"Hamisu, ka kai yarinyar nan ta ga iyayenta kafin azumi. Ta ɗan huta."

Ni da shi duk mun san ma'anar wannan hutu. Babu wanda zai je biko, kuma bayan salla za a ce in rubuta takarda. Ban taɓa yi wa Baffa musu ba tun da aka haife ni. Na fito daga zauren, na shiga ɗaki na gaya wa Rakiya, don ban iya ɓoyewa ba.

"A gidanmu," ta ce, "idan ramin rini ya tsage ta ƙasa, ba mu ne muke fara sani ba. Maƙwabta ne suke aiko mana da ƙwaryar ruwan rijiyarsu ya yi shuɗi. Shuni ba ya ɓuya, duk inda ruwa ya bi sai ya bi shi. Idan famfonku ne yake shan rijiyar nan, a zuba mata ruwan baba da muke rini da shi, zai fita a bakin bututunku."

"In an zuba, rijiyar ta tashi daga aiki ke nan. Wa zai ƙara shan ta?"

"Na sani. Kai ma aikinka ya tashi. Shi ya sa ban ce ka yi ba, na dai gaya maka abin da na sani."

Na kwana biyu ina juya maganar. Idan shunin ya fita, na rasa kaki da inji, na kuma ɓata rijiyar kakana. Idan bai fita ba, na ɓata rijiyar a banza, na kuma tabbatar wa gari cewa Gwaggo ce mai gaskiya. Kuma babu wanda ya isa ya ba ni tabbaci, ko Baturen cewa ya yi yana yiwuwa. Amma duk ta inda na juya sai in ga Rakiya a bayan motar kasuwa da akwatinta, a matsayin wadda aka kora don ta ƙafar da rijiya, sunan da zai bi ta duk gidan da ta shiga har ta mutu. Na koma zaure na durƙusa na roƙi Baffa ya bar ni in gwada. Ya dube ni kamar na ce zan tone kabarin kakana. Can ya ce:

"Rijiyar da ta riga ta mutu, zuba mata abin da ka ga dama. Amma da sharaɗi. Ƙyallen da za a tara a bakin bututun, nawa ne, ni zan ɗaura, ni zan kwance, kai ba za ka taɓa shi ba. In an ga watan azumi bai nuna komai ba, da kanka za ka ɗauki akwatinta, kuma ba na son in ƙara jin wata magana."

Na ce na yarda.

Na hau motar kasuwa zuwa Birnin Kudu, na sami surukina a marina, hannunsa cikin rami har gwiwar hannu. Na so in yi masa kwana-kwana, amma Malam Sule ba mutumin da ake yi wa haka ba ne, kuma labari ya riga ni isa. Ya ji ni, bai ce komai a kan Baffa ko Gwaggo ba. Ya wuce ramukan da ake aiki a cikinsu, ya buɗe wani da ya rufe da faifai, wanda ya ce sabon haɗi ne, bai tsoma ko zare a ciki ba, na rigunan salla ne. Ya sa aka kwashe shi kaf a garewani, aka toshe bakinsu. Duk ribar sallarsa ke nan ya ɗora mini a mota. Da zan tafi ya riƙe ƙofar motar.

"Ka motsa shi sosai kafin ka zuba, ka kuma bi shi da ruwa mai yawa ya tura shi. Sannan abu ɗaya nake roƙo. In bai yi ba, kada a sako mini 'ya a mota kamar buhun gero. Ka aiko, ni zan zo in tafi da ita."

Ranar da muka zuba, unguwa ta cika gidanmu fiye da ranar bikina. Wanda bai taɓa shaƙar ruwan baba ba bai san wari ba. Na tsaya a bakin rijiyar da na sha tun ina jinjiri, na karkata garwa, baƙin ruwa mai kumfa ya gangara, na ji faɗuwarsa can ƙasa. Wata tsohuwa ta sa salati. Gwaggo ta toshe hanci da gefen mayafi tana cewa a shaida, yau ɗa ya yi wa ubansa abin da maƙiyi bai yi ba. Aka yi ta kawo ruwa a kan jakuna daga gabashin gari muna bin shi da shi. Baffa bai tsaya ya ga ƙarshe ba. Ya shiga ɗaki ya yago wani yanki daga sabon yadin alawayyon da ya ajiye, fari fat, ya sa takalmi ya nufi bayan dutse.

Tun da kamfanin ya zo Baffa bai taɓa taka wurin ba, yana cewa masu tonon ƙasa ba su bar wa 'yan baya komai ba. Sai ga shi ya zo ya ɗaura ƙyallensa a bakin bututu da igiyar rama, ya shimfiɗa buzu a inuwar wani itacen marke, ya zauna da carbi. Leburori suna wucewa suna gaishe shi, suna kallona suna ƙunshe dariya. Mai Lofe ya fito daga ofis ya tsaya ya kalli tsohon, ya kalli ƙyallen, ya kalle ni. Ya juya ya koma, na kuwa gane an riga an gama da ni. Da yamma Baffa ya kwance ƙyallen ya duba, ya ninke ya sa a aljihu ya tafi gida da shi. Da safe ya dawo ya sake ɗaurawa.

Haka muka yi ta yi. Ruwan yana fita garau, ko alamar launi babu. Ƙyallen ya yi ja-ja saboda ƙasa, shi ke nan. Ni ina cikin rumfa, ina ba injin mai, ina jin kamar in rungume shi in roƙe shi ya ja da ƙarfi. Ban taɓa kula da shi kamar a kwanakin nan ba, ga shi kuwa aikin da yake yi shi ne zai raba ni da shi. Abinci ya daina shiga mini. A gida Gwaggo ta sa aka sauko da kwallaye da tasoshin Rakiya daga jere, aka ɗaure su a cikin zannuwa aka jingine a bakin ƙofa, wai don kada a yi gaggawa ranar tafiya. Rakiya da kanta ta taya su ɗaurewa. Da na ce mata me ya sa, sai ta ce gara ta ɗaure da kanta, su ba su iya ba, za su fasa mata tangaran.

Ranar da ake sa ran ganin wata, bayan la'asar, Baffa ya tashi daga buzunsa tun lokacin tashinsa bai yi ba. Ya kwance ƙyallen, ya ɗauraye shi a bakin bututun ya fitar da jar ƙasar, ya matse, ya shimfiɗa a kan wani falalen dutse don ya sha iska kafin ya sa a aljihu. Ya yafito ni. Na zo na durƙusa. Na ga shi ma ba daɗi yake ji ba, muryarsa ta yi ƙasa.

"To, Hamisu. Na yi maka abin da ka roƙa. Rijiya ta tafi, ban ce komai ba. Gobe in Allah ya kai mu ka aika wa mahaifinta..."

Bai ƙarasa ba. Idonsa ya sauka a kan dutsen, nawa ma ya bi. Ƙyallen da muka gani fari-fari da danshi ya fara yin wani kore-kore a tsakiya, daidai inda ruwa ya fi dukansa. Muna kallo, iska tana bugunsa, koren yana rikiɗa, har ya zauna a shuɗi. Ba shuɗi mai duhu ba, mai haske ne, irin na rigar da ta sha wanki, amma makaho ne kaɗai zai ce fari ne. Ashe duk kwanakin nan jar ƙasa ce take rufe shi, Baffa kuma yana ninke shi da danshinsa ya cusa a aljihu.

Baffa ya ɗauka ya juya baya, ya ɗaga shi saitin rana, ya kai hanci ya shinshina. Ni kuwa sai na zauna daɓas a cikin laka da kakina, ina dariya hawaye yana zuba, ban san wanne nake yi ba. Wani nauyi da na yi watanni ina ɗauke da shi a ƙirji ya sauka gaba ɗaya, har na ji yunwa.

"Ashe," in ji Baffa. Ya sake cewa, "Ashe."

Ya bar buzunsa a nan ya kama hanya. Ban taɓa ganin tsohon yana sauri haka ba, sai da na haɗa da gudu-gudu. Ya shiga gida babu sallama, ya tsaya a tsakar gida ya ɗaga ƙyallen sama. Rakiya tana bakin murhu, ta ɗago ta gani, ta mayar da kanta ƙasa ta ci gaba da tuƙa tuwo. Baffa bai taɓa yi mata magana kai tsaye ba, saboda kunyar suruka. Ran nan ya taka har kusa da murhun.

"'Yar Malam Sule, mun zalunce ki a gidan nan. Ki yafe mana." Ya juya wajen ƙofa. "A kwance kayan nan yanzu."

Gwaggo ta karɓi ƙyallen ta duba ta duba, ta ga babu ta inda za ta ɓullo. Sai ta gyara mayafi ta ce ai ita tun farko ta san yarinyar nan tana da hankali, mutanen gari ne da surutu. Ita ce kuwa ta fara durƙusawa tana kwance ƙullin, tana faɗan wa ya ɗaure shi tamau haka.

Sauran kun san wani abu daga ciki. Baffa ya kai ƙyallen wurin dagaci, dagaci ya kai gaban hakimi a Gwaram. Aka yi zama, kamfanin ya yarda ya ja ƙaramin bututu ya zagayo dutse ya kawo wa unguwarmu ruwa, aka gina kwarami mata suna ɗiba. Ni kuma Mai Lofe ya cika alkawarinsa. Ya karɓi kakin, ya miƙo mini hannu muka gaisa, ya ce dabarar ta burge shi amma ba zai iya riƙe ni ba. Ba zan ce ban ji zafi ba. Na yi wata da watanni idan iska ta kawo kukan injin nan ina gane bel ya saki, in ji kamar in tashi in je. Shekarar ta yi mana tsanani, noma na koma ba tare da na iya ba, sai daga baya na sami aikin kula da injin niƙa a Gwaram, daga nan kuma, da kuɗin mai suka shigo ƙasa, na koma gyaran injinan ban ruwa na masu lambu, wanda da shi na ciyar da ku. Rijiyar kuwa ba ta dawo ba sai bayan da kasuwar kuza ta faɗi, kamfanin ya kwashe kayansa. Baffa bai ga dawowarta ba. Har ya rasu bai taɓa yi mini gori a kanta ba, amma nakan gan shi ya tsaya a bakinta ya leƙa, ya daɗe, sannan ya wuce.

Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba ya faru ne washegarin ranar ƙyallen, ranar farko ta azumi, da hantsi. Na shiga ɗaki na tarar da Rakiya tana mayar da kwallayenta kan jere, tana goge kowace da gefen zane. Na zauna ina miƙa mata, ina ta zuba, ina ba ta labarin yadda Baffa ya bar buzu, yadda na zauna a laka. Tana murmushi. Can ta tsaya da tasa a hannu, ba ta juyo ba.

"Malam, da bai fito ba fa?"

Na buɗe baki in ce da na bi ta Birnin Kudu, sai na tuna na durƙusa a gaban mahaifina na ce na yarda. Na so in ce da na cika wa Baffa alkawari, sai na dubi bayanta. Na zauna riƙe da murfin kwalla. Ta jira kaɗan, sannan ta miƙo hannu ta karɓi murfin ta rufe kwallarta.

"Bar shi," ta ce. "Ya fito."

Mun yi zaman aure har gashinmu ya yi fari, ba ta ƙara tambayata ba ko sau ɗaya. Ni na tambayi kaina sau ba adadi, har yau da nake rubuta muku wannan ban san amsar ba. A cikin duk abin da Allah ya yi mini a duniya, babu wanda nake gode masa a kai kamar yadda bai bari na sani ba.